Giyar Beljiyam a zafin Damagaram: yadda ajiyar Kawu ta kaya

Akwai giyar da ake sha da sabuntarta, akwai kuma wadda ake ajiyewa ta shekara biyu, uku, har biyar kafin a buɗe. Ta biyun ba ta da yawa, kuma galibinta daga ƙasashen sanyi take fitowa, musamman Beljiyam da Ingila. Wannan bayani ne a kan kwalabe 24 da aka kawo Damagaram, da abin da aka yi ta gwadawa don kada zafi ya cinye su, daga bazarar 2022 zuwa Kirsimetin 2024. Mai kwalaben kawuna ne, wan mahaifiyata, injiniyan aikin gona da ya yi ritaya. Ni kuma gyaran firigo da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'ata. Mu 'yan Katolika ne. Na san yawancin masu karatu ba sa shan giya, ba sa ma son a kusance su da ita, kuma ba tallarta na zo yi ba. Matsala ce ta sanyi tsantsa, kuma tambayoyin da Kawu ya yi mini su ne dai waɗanda masu ajiyar iri da masu turare suke kawo mini shago.

Abin da ke cikin kwalaben

Kawu ya yi karatu a makarantar aikin gona ta Jambulu a Beljiyam, a can ya san wannan giya, yanzu kuma 'yarsa tana aure a ƙasar. Ita ta aiko da kayan kashi biyu: kwalba 12 a Afrilun 2022, wasu 12 a Disambar shekarar. Yawancinsu giyar gidajen masu zuhudu ce, waɗanda ake kira Trappist. Akwai Chimay mai shuɗiyar takarda, ƙarfin barasarta kashi 9 cikin 100, wadda aka fara yinta a 1948 don bikin Kirsimeti a gidan zuhudu na Scourmont, inda ake dafa giya tun 1862. Akwai Rochefort 10 mai kashi 11.3, baƙa wuluk idan aka zuba, da Westmalle Tripel mai kashi 9.5 wadda ita fara ce, sai Orval mai kashi 6.2. Surukinsa ya ƙara da 'yan kwalaben IPA, wata giya mai yawan furen hop, na wani ƙaramin kamfani, kyauta daga gare shi.

Abin da ya sa irin waɗannan ke jure ajiya abu uku ne. Barasarsu tana da yawa, tsiron sha'ir ɗin da aka yi baƙaƙen da shi ya sha gashi, sannan akwai yis mai rai a cikin kwalbar. Lokacin ɗuri ana ƙara ɗan sukari da yis, a rufe. Yis ɗin ya cinye sukarin, ya ba da gas, ya shanye wani ɓangare na oksijin da ya maƙale a wuyan kwalba, sannan ya kwanta a gindi. Daga nan sai aiki a hankali: kaifin barasa ya lafa, ɗacin furen hop ya ja baya, ƙanshin busassun 'ya'yan itace ya taso. Matan da ke haɗa humra sun san wannan dabara, ranar haɗi kowane ƙanshi yana tsaye shi kaɗai, sai kwalba ta yi watanni a duhu kafin su haɗa kai.

Sharaɗin shi ne sanyi mai tsayawa wuri ɗaya, tsakanin digiri 10 zuwa 13, da duhu, kwalba kuma a tsaye. Masana giya suna da lissafin da suke aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin tsufan giya sau biyu zuwa uku. Daga 12 zuwa 32 hawa biyu ke nan, wato ninki huɗu zuwa tara. Sai dai kada a ɗauka zafi hanyar yanke ce, a ce shekara guda a Damagaram ta ba ka abin da shekara biyar ke bayarwa a Turai. Sauye-sauyen da ke cikin kwalba ba gudu ɗaya suke yi ba. Masu ɓatawa, irin wanda ke kawo ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali, sun fi masu gyarawa amsa kiran zafi.

Kashin farko ya sha wuya tun kafin ya iso

Kwalaben Afrilu sun sauka Yamai ta jirgi, sannan suka hau babbar mota zuwa Zinder, kusan kilomita 900, a ɗakin kaya na ƙarƙashin mota, tsakanin zafin kwalta da na inji, a watan da rana ke haura digiri 40. Da suka iso, Kawu ya jera su cikin kabad a ɗakin kwanansa. Ginin bulo ne, rufin kwano, kabad ɗin kuma jingine da bangon yamma. Wanda ya taɓa dafa bangon yamma da magariba a watan Mayu ya san abin da nake nufi. Ma'aunin zafin da ya saka a ciki yana nuna 39 da yamma, ya sauko wajen 31 da asuba. Duhu dai an samu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don haske na taɓa sinadaran hop ya mai da giya mai warin bodari cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ake zuba ta a kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa, koriya ba ta tare hasken sosai. Amma a kabad ɗin nan suka cinye mafi yawan bazara.

Rami

Dabarar farko da ta zo wa Kawu ita ce a haƙa. A gidan da ya yi haya yana ɗalibi akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba inji ba komai, amma kullum sanyi. Ya sa yara suka haƙa rami a kusurwar tsakar gida, gindin bishiyar dogon yaro. Ba su kai mita biyu ba suka ci karo da dutse, abin da ba zai ba ɗan Damagaram mamaki ba, garin a kan duwatsu yake zaune. Aka daɓe gefen, aka yi marfin katako, aka ɗora buhunan yashi. Kafin a saka ko kwalba ɗaya ya rataya ma'auni a ciki. Safe da yamma, 30 zuwa 31. Ba ya hawa, ba ya sauka.

A nan ne gizo ke saƙar, kuma da yawa daga masu tambayata a shago suna faɗawa wannan tarkon. Ƙasa ba ta ƙera sanyi. Abin da take yi shi ne tattara zafin shekara gaba ɗaya ta raba shi daidai. Da an nutsa rabin mita bambancin dare da rana ya ɓace. Idan aka nutsa mita goma ko kusa da haka, bambancin bazara da hunturu ma ya ɓace, abin da ya rage shi ne matsakaicin zafin wurin na shekara, wani lokaci har da ɗan ƙari inda rana ke dukan ƙasa ba ciyawa. A Burusal wannan matsakaici yana tsakanin digiri 10 da 11, shi ya sa ɗakin ƙasansu ya dace da giyarsu ba tare da kowa ya yi wani ƙoƙari ba. A Zinder yana wajen 28. Ko rijiya ka haƙa, abin da za ka tarar ke nan. Ramin da bai kai mita biyu ba ma yana bin zafin yanayi a makare, sai an shiga Yuni yana riƙe da zafin Mayu.

Kawu ya fi ni sanin wannan lissafi, shekara nawa yana auna zafin ƙasa a gonakin gwaji. Kewar wancan ɗaki ce kawai ta rinjaye shi. Duk da haka ban ɗauki ramin a matsayin asara ba: 30 mai tsayawa ta fi 39 mai hawa da sauka. Kwalaben sun koma can har aka fara ruwa, sannan tsoron kada ramin ya cika ya sa aka kwashe su.

Tukwane, da firigon gida

Aka gwada tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ga tumatir da alayyafo abin a yaba ne. Amma sanyinta daga busasshiyar iska yake zuwa, ruwa ya tashi ya tafi da zafi. A rani tana aiki, a Agusta da iska ta cika da laima sai ta zama tukunya kawai. Tana son ruwa safe da yamma, a garin da ake sayen ruwa jarka-jarka. Takardun kwalabe suka fara ɓarewa, marafan ƙarfe suka fara tsatsa. Aka bar ta.

Firigon gida kuwa matar Kawu ce ta hana, kuma tana da gaskiya ta fuska biyu. Gidansu ne ke ba layin ƙanƙara, da azumi yaran maƙwabta har kicin suke shiga su ɗauka da kansu. Ba ta son ɗan maƙwabcinta ya buɗe ƙofa ya ga abin da iyayensa ba sa so ya gani. Zaman lafiyar shekara talatin ne a layin, kuma wanda yake garin nan ranar 16 ga Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci da mashaya, ba ya wasa da irin wannan. Ta fuskar sana'a ma firigon gida bai dace ba. Yana zama wajen digiri 4, inda yis ke barci, tsufan ma kusan tsayawa yake yi. Giyar ba za ta lalace ba, amma ba za ta zama abin da aka ajiye ta dominsa ba.

Firiza da aka hana ta daskarewa

Gab da isowar kashi na biyu ya kira ni.

"Ɗana, ina son digiri goma sha uku. Ba huɗu ba, ba talatin ba. Akwai injin da ke yin haka?"

"Akwai, Kawu, amma ba a sayar da shi a kasuwarmu. Sai dai mu haɗa."

Abin da aka haɗa firiza ce ta kwance, mai murfi a sama, ta hannu. Na zaɓi ta kwance don sanyi nauyi gare shi: ka buɗe firigo mai tsaye ya zubo ƙasa, ka buɗe ta kwance ya zauna inda yake. Bangonta kuma ya fi kauri. Kafin a biya kuɗi na duba farantin bayanta, wurin da yawancin masu saye ba sa kallo. Akwai harafin da ke faɗin zafin da aka ƙera injin ya jure: N har digiri 32, ST har 38, T har 43. Tsofaffin injinan Turai da ke shigowa da yawa N ne ko SN, wanda shi ma iyakarsa 32, an yi su don kicin ɗin da bai san bazara ba. Su ne suke cika mana shago a watan Afrilu, kwamfiresa ta ƙone. Muka nemi mai T.

Firiza in an bar ta da halinta za ta kai digiri 18 ƙasa da sifili, giya mai kashi 9 kuwa tun wajen 4 ƙasa da sifili take fara daskarewa, kwalba ta fashe. Don haka aka saka mata ƙaramar na'urar sarrafa zafi daga waje, irin STC-1000 da masu ƙyanƙyasar ƙwai ke amfani da ita. Wutar firizar ta cikinta take bi. Na saita ta ta kunna a 14 ta kashe a 12, da jinkirin 'yan mintuna kafin kowace kunnawa, don kada wuta ta ɗauke ta dawo nan take kwamfiresa ta tashi da matsi a kanta. Bakin ma'aunin ban bar shi yana lilo a iska ba. Na manna shi a jikin wata kwalbar ruwa, na lulluɓe da guntun soso, na ɗaure da salatif, don zafin ruwa muke so ya karanta, ba na iskar da ke sauyawa duk buɗe murfi ba. A gaba kuma akwai sitabilaiza.

Abin da ya fi komai amfani shi ne mafi arha: jarka uku ta lita 20 cike da ruwa, a kwance a gindin firizar. Ruwa yana da wuyar ɗumama. Lita 60 a digiri 13, cikin akwati mai kauri a rufe, na iya kwana ba wuta zafin bai ƙaru da fiye da digiri uku zuwa huɗu ba. Firizar kanta aka kai ta tsohon ɗakin ajiya na ƙasa da ke gabashin gidan, mai kaurin bango da rufin azara, aka bar tazara tsakaninta da bango don iska ta wuce. Aikin da ya rage wa Kawu shi ne goge raɓar da ke taruwa a ciki, tunda firiza ba ta da magudanar da ke aiki a wannan sanyin, da kakkaɓe ƙurar hunturu daga wajen kwamfiresa.

Kashin Disamba ya yi tafiyar motarsa cikin ɗari, ya shiga firiza washegari. Ragowar na Afrilu aka jera su gefe guda, aka ɗaura musu jan zare a wuya.

Gwajin gaske ya zo a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wuta ta koma ta rabo, a samu 'yan sa'o'i a rasa da yawa. An taki sa'a damina ce. Dokar da aka kafa ɗaya ce, kada a ɗaga murfi in ba wuta. Littafin Kawu ya nuna mafi munin rana ma'aunin ya taɓa 21, da wuta ta samu ya koma. ECOWAS ta ɗage takunkumin da ya jawo katse wutar a Fabrairun 2024, sai kuma ga bazarar da ta gigita Sahel, wadda a farkon Afrilunta aka auna digiri 48.5 a Kayes ta Mali. Injin ya yi ta gurnani amma bai tsaya ba.

Abin da aka tarar

Ranar Kirsimetin 2024, bayan an dawo coci an ci abinci, aka buɗe su bibbiyu, mai jan zare da marar zare, kofi biyu gefe da gefe. Kawu ne ke zubawa, a hankali, kofi a karkace, ya tsaya da saura kamar yatsa guda a gindin kwalba don kada gurɓin yis ya biyo.

Orval ta Afrilu ba ta jira a zuba ta ba. Murfi na ɗagawa kumfa ta yi tsiri, rabin kwalbar ya ƙare a tabarma. Ita wannan giya ana saka mata wani yis na daban, Brettanomyces, mai cin sukarin da yis na yau da kullum ya bari, yana ci yana ba da gas har tsawon watanni. Zafin kabad ya sa ya yi aikin da gaggawa. Abin da ya rage a kofi tsami ne da ɗaci marar daɗi. Ta Disamba kuwa ta fito da kumfa mai tsayawa, ba zaƙi ko kaɗan, da ƙanshin jemammiyar fata da ɗan tsami mai tsabta. Haka ake sonta, ko da yake ni ba ta kwanta mini ba.

Rochefort ce ta fi nuna bambanci, don ita ba ta mutu ba a kowane ɓangare. Mai jan zare kumfarta ta kwanta nan da nan. A hanci akwai zuma da ta ƙone, a baki akwai kwali, can baya kuma wani ɗanɗano kamar na romon nama, alamar yis ya mutu ya narke a ciki. Ana iya sha, ƙarfinta ya cece ta. Marar zare kuwa da aka ɗaga ta saitin taga sai baƙin ya koma ja mai duhu. Zabibi, ɓaure, dabino, ɗan cakulan, barasar ba ta ƙona maƙogwaro sai ɗumi a ƙirji. Kawu ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tura wa matarsa kofin.

Tripel ta ba da kunya a duka biyun, ta Afrilu ta lalace sarai, ta Disamba ta rasa kaifinta ta koma zaƙi-zaƙi. Farar giya ce mai dogaro da ƙanshin yis da hop, ba ta da abin da za ta ci riba da shi a dogon zama. IPA kuwa tun farko kuskure ne a ajiye ta, ko a Beljiyam. Ƙanshin hop ne jarinta kuma cikin 'yan watanni yake gudu. A wurin Chimay an ga wani abu: babbar kwalba ta santilita 75 mai toshiya ta fi ƙananan 33 riƙe kanta, har a kashin da ya sha zafi. Iskar da ke wuyan kwalba kusan ɗaya ce, amma giyar da za ta raba ta ta ninka.

Ba zan kira wannan gwajin kimiyya ba. Kashi biyun ba ranar ɗuri ɗaya ba ne, na Afrilu ya girmi ɗan'uwansa da watanni, kuma bakin mutum uku ne kawai ya yi hukunci. Amma wata takwas na bambancin shekaru ba ya mai da zabibi kwali. A ganina ɓarnar ta faru ne tsakanin motar Yamai da ƙarshen bazarar farko, kuma shekara biyu a digiri 13 ba ta dawo da komai ba, ta dai hana abin ci gaba.

Yanzu saura manyan Chimay biyu na Disamba, masu 2022 a jiki. Kawu yana son su kai 2027. Ni na ce ya sha ɗaya bana, don kwamfiresar ta hannu ce kuma ta fara wani sauti da ban so ba idan za ta tashi. Ya ce in canza abin da ke buƙatar canji, kwalabe ba nawa ba ne. Na canza rile da kafasita, na bar masa wasu a leda a kan murfin. Saƙon da ya tura wa 'yarsa kuma gajere ne: baƙa kawai, babbar kwalba, kuma kada a ba kowa ya taho da ita sai tsakanin Disamba da Janairu.